Abin da Mayen Ƙarfe Ya Kama

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren Kaltumi muka fita sayen murhu, ni da ita. Ita ce ’yata ta fari, don haka ko sunanta ba na kira a baki, daga "ke" sai "yarinyar nan". Kowa kuma a Garwa ya san uwa ba ta shiga gaba a bikin ’yar fari. Jere, kai amarya, tarbar dangin ango, duk aikin ƙanwar uwa ne. Ni kuwa ƙanwa ɗaya Allah ya ba ni, Ramatu, tana unguwar Jambutu, kuma shekara tara ke nan ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa mu ba.

Dalilin yana hannuna na hagu a ranar: awarwaro shida na zinariya, na Innarmu Hajjo, waɗanda ita ma ta gada daga kakarmu da ta zo da su daga Kano. Da Inna ta rasu aka zauna rabon kayanta, Ramatu ta buɗe baki ta ce ita a bar mata awarwaron, ni in kwashe sauran komai. Na ce ba ta isa ba. Malamin da ke rabon ya ce abu mai sauƙi ne, a kai wa maƙerin zinariya ya auna, a raba daidai. Nan Ramatu ta tuma ta dire, ta ce ba wanda zai kai su ko nan da ƙofa. Ni kuma da ma bakina ba linzami. A gaban maza da mata na ce mata ashe jinyar shekara biyu da ta yi wa Inna ba don Allah ba ce, gadin zinariya take yi. Ta dube ni, ta kwance ƙullin awarwaron, ta zube min su a cinya, ta ce ta yafe rabonta in dai ba za a kai su wurin maƙeri ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Na ce kunya ce ta kama ta, kuma shekara tara haka nake gaya wa duk mai son ji.

Ba na sa su sai da dalili, kullum suna naɗe cikin auduga a ƙasan akwati. Ranar na sa su ne don daga kasuwa zan wuce wani suna, inda matan da za su zo bikina za su gan ni.

Muna sauka daga kan moto, wato babur na haya, a bakin babbar kasuwa yarinyar nan ta sake ɗauko zancen da ta ishe ni da shi tun da aka sa rana.

"Mama, ki bar ni in kai wa Yafendo Ramatu goro. Wa zai min jere in ba ita ba?"

"Ƙawaye sun ƙare ne a garin?"

"Ƙawa ba jini ba ce, Mama. Dangin ango za su tambaya."

"Su tambaye ni, ina da amsa," na ce, na shige kanti na bar ta tana share ido da gefen mayafi. Raina ya sosu, ba na son kukanta, amma ban juyo ba.

Kantin na Raphaël ne, mutumin Kaele, wanda ya yi shekara ashirin yana sayar da kayan girki a wannan layin. Hausarsa ta kasuwa ce, rabi Fillanci rabi Faransanci, amma ba a taɓa fita daga wurinsa ba a gane me yake son a saya ba. Ya share mana benci, ya juyo da fanka wajenmu, don zafin watan Maris ne irin wanda ko kare ba ya ƙetare titi.

Ya fara da risho na kananzir. Kaltumi ta yamutsa fuska, ta ce ita ba za ta ci abinci yana warin fitila ba. Ban ga laifinta ba.

Ya nuna mana plak ɗin gas, wato murhun ɗorawa kan tebur, mai kai biyu da mai kai uku. Nan ni zuciyata take. Wuta ce ta gaskiya, kana ganinta, ka ƙara ka rage, kuma tana ɗaukar tukunyar tuwo ko da mai tuƙin ta yi fushi. Amma yarinyar nan nas ce a asibiti, ta ce ta wanke ƙunar gas da hannunta sau ba adadi, kuma ta tuna min bara da muka yi mako uku muna yawo da butel ɗinmu, tulun gas, fanko daga wannan shago zuwa wancan.

"To ga na kuran," in ji Raphaël, ya buga tafinsa a kan wani murhun lantarki mai faifan ƙarfe biyu. "Ba hayaƙi, ba butel."

"Ba wuta kuma," na ce. "Ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, jiya tun hantsi aka ɗauke sai bayan la’asar. Angon zai ci haƙuri ne da miya?"

Ya yi dariya ya ce Hajja ba ki da dama. Daga nan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya fito da wani baƙin gilashi shimfiɗaɗɗe, kamar fuskar talabijin an kwantar. Ina ganin idon Kaltumi na gane wannan ta zo nema, sauran duk rakiya ce.

"Endiksiyon," ya ce. "Daga Duwala ya zo makon jiya."

Ya jona shi, ya ɗora wata ’yar tukunya da ruwa, ya taɓa gilashin da ɗan yatsa. Kafin in gyara zama ruwa ya fara tafasa. Ba harshen wuta, ba ja, ba komai. Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin dab da tukunyar, ya bar shi nan yana kallona yana murmushi.

"A’uzu billahi," na ce. "Wannan ai tsatsuba ce. Kuma a kan madubin nan za a tuƙa tuwon dawa? Muciya biyu ya tsage."

"Mama, ana tuƙawa a hankali."

"Tuwon da aka tuƙa a hankali sunansa kunu."

Da ma na taho da ɗaya daga tukwanen dalma goma sha biyu da na sa aka zuba mata a maƙera, don in gwada girman kan murhu. Na ciro ta daga jaka na ce ya ɗora mu gani. Ya ɗora. Abin ya yi ƙara sau uku ya mutu.

"Voilà, matsalar ke nan," in ji Raphaël. "Ba kowace tukunya yake karɓa ba."

"Murhu ne ke zaɓen tukunya yanzu?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani baƙin zobe mai kauri, mayen ƙarfe, irin wanda ake cirowa daga bayan tsohuwar lasifika.

"Ga alƙalin, Hajja. Abin da wannan ya kama, plak ya karɓa. Dalma, a’a. Tagulla, a’a. Azurfa ma a’a. Ko zinariya kika ƙera tukunya da ita, ba zai dube ta ba. Baƙin ƙarfe kawai ya sani. Karɓi ki gwada da kanki."

Na riƙe tukunyar da dama, na miƙa hagu in karɓa. Kafin yatsuna su kai, na ji an fizgi hannuna. Ƙas. Awarwaro biyu sun tashi da kansu sun manne a jikin baƙin zoben.

Fanka kawai ke juyi. Na tsaya ina kallon hannuna kamar na wani ne.

"Pardon, Hajja," in ji Raphaël a hankali, murmushin ya tafi. "Wataƙila maƙullin ne. Wani lokaci ana sa ƙarfe a maƙulli."

"Ba su da maƙulli," na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

Na ajiye tukunyar. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na jera a kan teburinsa, na bi su da mayen ƙarfen. Na farko ya tashi. Na biyu ya tashi. A na huɗu na fara addu’a a zuci ko ɗaya ya ƙi. Duk shida suka ɗafe suna lilo. Na kai ɗaya wajen haske na duba cikinsa da kyau, abin da ban taɓa yi ba, sai ga wani ɗan wuri inda ruwan zinariyar ya goge, baƙi na leƙowa.

"Mama," in ji Kaltumi, ta dafa ni. "Zauna."

Ban zauna ba. Tsoro ne ya fara kama ni, sannan kunya, don na tuna bukukuwa nawa na ɗaga hannun nan ina gyara ɗankwali ba gaira ba dalili. Daga baya fushi ya zo ya kore su duka. Wa ya kwana ɗaki ɗaya da Inna shekara biyu? Wa ke riƙe da makullin akwatinta? Wa ya yi rantsuwa ba za a kai su wurin maƙeri ba? Biri ya yi kama da mutum. Ashe ba kunya ce ta sa ta zube min su a cinya ba, ta riga ta kwashe na gaskiyar ta bar min ƙarfen shinge, ta kuma tafi da sunan mai yafiya.

Na kwashi awarwaron da mayen ƙarfen Raphaël gaba ɗaya, ban ma nemi izini ba. Na ce wa yarinyar nan ta jira ni nan, na tari moto na ce Jambutu.

Gidan ban taɓa shigarsa ba tun da suka koma, sai da na yi tambaya sau biyu. Ashe kowa ya san ta, wai mai tuwon ma’aikata. Ban yi sallama ba. Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, tsugune gaban duwatsu uku, ta danne wata ƙatuwar tukunya da ƙafa tana tuƙi. Hayaƙin ɗanyen itace ya cika rumfar. Ta ɗago, na ga ta rame, idanunta jajur suna ruwa. Shekara huɗu na ba ta, amma wanda bai sani ba zai ce ita ce babba.

"Adda," ta ce. Muciyar ta tsaya. "Lafiya? Wani ya rasu?"

Na jefa mata su a kan tabarma, manne da baƙin zoben yadda suke.

"Ina zinariyar Inna?"

Ta dube su ta daɗe. Na zaci za ta musa, ko ta yi kuka, na ma shirya abin da zan ce. Sai ta janye itace biyu daga wuta, ta rufe tukunyar, ta goge hannu a zani.

"Wurin maƙeri kika kai su?"

"Allah ne ya tona ki, a kantin murhu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Ramatu. Ina kika kai ta? Gidan nan kuka gina da ita?"

"Gidan haya ne," ta ce. "Zauna, Adda."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya. Inna ta sa na rantse ba zan gaya miki ba, kuma ban gaya miki ba, ke kika gani da idonki." Ta ja numfashi. "Kin tuna shekarar da aka karya kuɗin sefa?"

"Shekarar aurena ce. Me ya haɗa?"

"Kin tuna abin da kika ce ba za ki tare ba sai da shi?"

Na tuna. Lokacin ina ji da kaina, na yi lise, wato sakandare, ina karanta mujallun Faransa. Na ga wata gaziniya fara a gidan ƙawata Véronique, murhun gas mai kai huɗu da tanda a ƙasa, na dawo gida na ce ni ba za a kai ni ɗakin miji da duwatsu uku kamar ’yar ƙauye ba. Babanmu ya rasu shekara biyu kafin nan. Inna ta ce to, ta fara tara kuɗi.

"Ta tara ya kusa isa," in ji Ramatu. "Aka kwana aka tashi, rediyo ya ce an karya kuɗi. Duk abin da ya zo daga waje farashinsa ya ninka. Ta ce miki ki yi haƙuri da risho zuwa baɗi. Kika shiga ɗaki kika rufe, kwana uku ba ki ci abinci ba."

"Ta ce min kawu Usmanu ne ya cika."

"Kawu Usmanu a shekarar ko taba ba ya iya saya. Ni na raka ta wurin maƙeri, ranar Talata, bayan azahar. Ya sayi shida, ya ƙera mata waɗannan ya zuba musu ruwa, don kada mata su ga hannunta wayam ranar bikinki su yi da ita. Duk shekara kafin Sallah ni nake kai su a sake musu ruwa. Har ta rasu."

Na zauna a kan wani turmi da ke kife, da leshina mai tsada da komai.

"Ƙarya ne," na ce, amma ko ni ban ji ƙarfin maganar ba.

"Maƙerin yana nan da ransa, a bayan masallacin Hausare. Ya tsufa amma bai ruɗe ba."

"To me ya sa kika ce a ba ki su ranar rabo? Ƙarfe ne, kin sani."

"Don in ɗauke su daga gabanki. In suna wurina ba mai aunawa. Da malam ya ce a kai maƙera, na ga za a tona Inna a gaban mutane kwana bakwai da binne ta, ke kuma a ce ke ce sila. Sai na ce gara ki riƙe su kina murna."

"Na ce miki ɓarauniya a gaban kowa."

"Mai gadin zinariya kika ce." Ta ɗan yi murmushi. "Ai ba ki yi ƙarya sosai ba."

Shekara tara ina yawo da sunanta gidan biki da gidan makoki. Na hana ’yata zuwa gidanta. Lokacin da mijinta ya kwanta asibiti wata biyu na ji labari, na ce Allah ya sawwaƙe daga nesa. Ina kallon hayaƙin nan yana shiga idonta, sai wani lissafi ya faɗo min wanda ya kamata in yi tun da daɗewa. Auren Ramatu bayan nawa da shekara biyu aka yi. Na tuna kayan ɗakinta: gado, tabarma, kwanuka, ba ko risho. Ni da kaina na ce wa Inna a lokacin an yi wa Ramatu ƙwauro.

"Uku naki ne," na ce. "A cikin shidan nan, uku naki ne."

"Ta tambaye ni kafin mu fita. Ta ce Ramatu, rabonki na ciki, ba zan sayar ba sai kin yarda. Na ce a sayar, Adda ta ci abinci."

"Shekararki nawa?"

"Sha shida."

Kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar Inna. Ba ta rarrashe ni ba. Ta buɗe tukunyarta ta duba, don ma’aikata ba ruwansu da abin da ke tsakanin ’yan’uwa, ƙarfe ɗaya za su zo da kwanukansu. Da na samu numfashi na ce mata bikin yarinyar nan saura kwana goma sha biyu, ba mai jere, kuma ban san da wane baki zan roƙe ta ba.

"Na sani," ta ce. "Tana zuwa nan duk Juma’a in ta tashi aiki, tun tana makarantar nas. Kada ki yi mata faɗa. Na riga na ɗinka labulayen ɗakinta, suna ciki. Da a ɓoye zan aika da su."

Wannan ma ban san shi ba. Sai na ji kaina baƙuwa a cikin zuri’ata.

Ta mayar da itacen cikin wuta, ta sunkuya ta hura, ta yi tari. Sannan ta ɗago tana share ido, ta tambaye ni cikin murya mai sauƙi, ba gori, ba komai, tambayar wanda ya daɗe yana son sani.

"Adda, ita gaziniyar nan, sau ɗaya na gan ta, ranar jerenki. Ni na goge ta ma. Tana girki mai daɗi kuwa? Tana nan har yanzu?"

Na so in ce tana nan. Ƙaryar ta zo har bakina. Amma an yi min ƙarya don a rufa min asiri shekara ashirin da huɗu, ban ga fuskar da zan ƙara tawa a kai ba.

"Wata takwas na yi amfani da ita," na ce. "Rannan ta yi tartsatsi, na tsorata, na koma gawayi. Ta zauna a bayan ɗaki har ta yi tsatsa."

"Yanzu fa?"

"Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo wucewa. Na ba su ita, suka ba ni robar wanki biyu."

Ramatu ta tsaya da muciya a hannu tana kallona. Sai ta juya ta ci gaba da tuƙi, da ƙarfi, har tukunyar na motsi a kan duwatsun. Na tashi na tsuguna na riƙe mata kunnen tukunyar da gefen mayafina. Ba ta ce in saki ba, ba ta kuma dube ni ba.